Kyafaffiyar cinyar talotalo mai zuma daga wani shagon halal a Dearborn: naman ya yi, amma kar ki bi takardarsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da muka yi walimar bikin Amurkawa na Thanksgiving a gidanmu mata uku suka kira ni a waya suna tambayar inda na sayi naman, ɗaya ma sai da ta gama kewaye-kewaye sannan ta yi ƙasa da murya tace min "Maman yara don Allah kar ki ji haushi, kin dai tabbatar ba na alade bane ko?" Toh shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru, da abin da ya burge ni da wanda ya ɓata min rai, don duk wadda za ta saya ta san me za ta tarar.

Mu a jihar Mishigan muke zaune, gefen Detroit, bana shekararmu huɗu kenan. Ranar da suke ce ma Thanksgiving, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ba aiki ba makaranta, gari tsit kowa na gidan danginsa, mu kuma da dangi ke nesa sai muka mayar da ita ranar tara 'yan gida, ɗalibai gwauraye da ke cin burodi da indomi wata da watanni su zo su ci abinci mai romo. Talotalo shi ne sarkin teburin ranar a wajen Amurkawa, amma gidaje da yawa suna haɗawa da abin da suke kira ham, a Kirsimeti da Ista ma shi ne kan gaba. Cinyar alade ce da ake jiƙawa cikin gishiri na kwanaki, a kyafa ta da hayaƙi, ranar biki a tsattsaga fatar a soka kanumfari a kowace tsaga, a shafe ta da zuma da jan suga da mustad a saka a oben har bayanta ya yi ja yana ƙyalli. Nan garin ma shi ne mahaifar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke wannan sana'a, HoneyBaked, wani mutum Harry Hoenselaar ya buɗe shagonsa na farko a Detroit a 1957, shi ne kuma ya ƙirƙiro injin da ke yanka cinyar zagaye-zagaye a jikin ƙashi ba tare da ta rabu ba. Idan biki ya matso layi za ki gani a ƙofar shagunansu cikin sanyin nan.

Abin da ya ja hankalina bara ne. Muna da maƙwabciya tsohuwa, mutuniyar kirki ce ƙwarai, yarana Kaka suke ce mata, ita ma ta san ba ma cin alade don haka ko tayi ba ta yi mana, amma ƙamshi ai ba ya neman izini, ya cika barandar gidan tun daga hantsi. Ƙaramar 'yata ta shigo tace Mama me Kaka take dafawa, ni ma ina so. Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa wannan ba namu bane, ta ce to, ba ta ƙara magana ba, amma ni abin ya tsaya min a rai har dare, don da na tsaya na shaƙi ƙamshin da kyau zuma nake ji da kanumfari da hayaƙi, kuma duk cikinsu ba haram. Naman ne kawai matsalar. Daga nan na ɗaura niyyar bana sai na nemo mana namu.

Shagon da na samo yana kan titin Warren a Dearborn, garin da ke maƙwabtaka da Detroit, inda duk wanda ya taɓa zuwa ya sani, layi ne na Larabawa, 'yan Labanan da Yaman da Iraƙi, gidajen burodi da mahauta da masu baƙalawa, kina tafiya kina karanta allunan shaguna da Larabci. Ba zan faɗi sunansa a nan ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma mutanen ba su cuce ni da gangan ba. Shago ne matsakaici, tsaf-tsaf, ba ƙarni ko kaɗan, wanda a wajena shi ne jarrabawar farko ta mahauci. A bayan gilashi rago ne da sa da kaji, can gefe kuma firij daban na kyafaffen nama, a nan na ga abin da na zo nema: dunƙulen nama kamar ƙwarya ƙarama, an ɗaure shi cikin raga, launinsa ja-ja mai duhu, an rubuta a jiki cewa naman cinyar talotalo ne da aka jiƙa a gishiri. Wannan rubutun ba ganin damarsu bane, dokar ma'aikatar noma ta Amurka ce, duk abin da aka kira ham na talotalo dole a bayyana a jikinsa cewa cinyar talotalo ce.

Na tsayar da mahaucin na yi masa tambayoyi har sai da na ji kunyar mutanen da ke bayana a layi, amma bawan Allahn nan bai ƙosa ba. Na tambaye shi yankan hannu ne ko na inji, yace na hannu, ya nuna min takardar shaida a bango. Na tambaye shi injin da suke yayyanka naman da shi fa, yace 'yar uwa alade bai taɓa shigowa ta ƙofar nan ba, injin namu ne mu kaɗai. Sai na zo kan 'yar ledar haɗin zumar da suke bayarwa tare da naman, don wannan mutane ba sa lura, a manyan kantuna za ki ga irin wannan haɗin an zuba masa giya don ƙamshi, wani kuma da jelatin wanda ba ki san daga dabbar da aka samo shi ba. Ya juya ledar ya karanta min ɗaya bayan ɗaya, jan suga, garin zuma, kirfa, kanumfari, garin mustad, shi kenan. A nan kam na ba su maki cikakke, ban da abin cewa.

Allah ya taimake ni ban jira sai ranar ba. Sati biyu kafin nan na sayi ƙarami mai laba uku na gwaji, na ce a yayyanka min shi, na zo gida na bi takardar umarnin da suka manna a jiki kalma da kalma. Takardar tace a saka a oben mai zafin digiri 325 a ma'aunin Amurka, wato kamar 163 a namu, a buɗe ba rufi, minti 18 ga kowace laba, a dama haɗin da ruwa a shafe naman da shi tun kafin a saka. Wallahi tun kafin minti arba'in na fara jin ƙauri. Da na fito da shi gefen kowane yanka ya bushe ya lanƙwashe ya yi tauri kamar kilishin da ya kwana a rana, zumar da ta zuba a ƙasan tire ta zama baƙa ƙirin ta daskare, sai da na jiƙa tiren kwana guda kafin ta fita. Tsakiyar kuma da daɗi, wanda shi ne ya fi ba ni haushi don na ga abin da na yi asara. Abban yara ya ci ya yi shiru, da na matsa masa yace gishirin ya yi yawa kuma zaƙin kamar ana cin alawa da nama.

Na kwana ina tunanin ina aka samu matsala, washegari na ɗauki takardar na ƙwanƙwasa wa Kaka ƙofa. Tana karantawa ta ce ai wannan umarnin na cinyar alade ne mai ƙashi da kitse, irin wadda take yi. Nan na gane komai. Ita waccan tana da kitse mai kauri a bayanta kamar bargo, yana narkewa yana jiƙa naman, ga ƙashi a tsakiya, shi yasa take jure zama a oben a buɗe. Cinyar talotalo kuwa tsoka ce zalla aka cire ƙashi aka dunƙule, ba abin da zai kare ta, sannan ga shi an riga an yayyanka, kowace tsaga ƙofa ce da ruwan naman zai bi ya gudu. Kuma abin da ya kamata kowa ta riƙe shi ne naman nan dafaffe ne tun daga shago, ɗumama shi kawai kike yi ba dafawa ba. Batun zuma kuma, irin sugan da ya fi yawa a cikinta yana fara yin ja tun a wajen digiri 110 a ma'auninmu, shi kuwa farin suga sai ya kai wajen 160, don haka duk wanda yace ki shafa zuma tun farko ki bar ta kusan awa guda a wuta, gawayi ya ce ki yi. Kaka tace ita ko a nata sai ƙarshe take shafawa.

Na koma shagon da hoton a wayata. Gaskiya na tafi da shirin faɗa amma mutumin ya kashe min jiki, ya kalli hoton ya girgiza kai yace laifinsu ne, takardar wani yaron shago ne ya buga ta, ya kuma ce zai rage min kuɗi a babban da zan saya, ya kuma cika alkawari. Abin da bai yi min daɗi ba shi ne ranar da na je ɗaukar babban, kwana biyu kafin biki, takardar nan dai ita ce manne a jikin kowane ɗaya a cikin firij, ba a canza ko harafi ba. Ina tsaye wata mata ta ɗauki biyu ta biya ta fita, har yanzu ina jin da na bi ta na gaya mata. Mutum ya kashe kuɗinsa ya tara baƙi sannan takarda ta ɓata masa abinci, wannan ba ƙaramin abu bane, kuma gyaransa bai fi minti biyar a kwamfuta ba.

Toh ga yadda na yi ranar. Na sayi mai laba shida, kusan kilo biyu da giram ɗari bakwai, na ce kar a yayyanka min, a bar shi dunƙule. Da daddare na cire ragar na jiƙa shi a ruwan sanyi cikin firij, na canza ruwan sau ɗaya kafin in kwanta, wannan ya rage gishirin sosai. Da rana na tsane shi, na ɗauki wuƙa mai kaifi na tsattsaga bayansa a gicciye sama-sama, kar ki nutsa wuƙar don ba kitse, na soka kanumfari amma ba a kowace tsaga ba, guda goma sha biyar kawai, don mu mun san ƙarfin kanumfari, idan ya yi yawa harshe mutuwa yake. Na zuba ruwan tuffa kofi ɗaya a ƙasan tire, na ɗora naman, na rufe ruf da foyil ninki biyu na danne gefe-gefen yadda tururi ba zai fita ba, oben a 325 ɗin dai. Ban kalli agogo ba sosai, ma'aunin zafin nama na yi amfani da shi, ɗan tsinken ƙarfen nan mai lamba da ake sokawa a tsakiya, kuma don Allah duk wadda ba ta da shi ta saya, ba tsada kuma shi ne ya raba ni da zullumi. Naman da aka ɗaure a shago ba a masana'anta ba, shawarar hukuma ita ce cikinsa ya kai 165, wato 74 a namu. Ni da ya kai 150 na fito da shi don in fara shafe-shafe, sauran ya ƙarasa a buɗe.

Haɗin nasu rabin ledar kawai na ɗauka. Na jiƙa tsamiya na tace na samu ruwa mai kauri kamar rabin kofi, na zuba a ƙaramar tukunya da rabin haɗin, zuma ta gaske cokali uku, ɗanyar citta da na gurza, masoro, garin barkono rabin ƙaramin cokali, da man shanu cokali biyu don ya maye gurbin kitsen da babu. Na bar shi a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa har ya fara kama bayan cokali, idan kin ja yatsa layin ya tsaya. Lokacin da nake juyawa labu ne ya faɗo min a rai, yadda masu kilishi a gida ba sa tsoma nama a labu sai ya riga ya bushe, kuma wutar ƙarshe ɗan nuna masa ita kawai ake yi a ɗauke. Dabarar ɗaya ce. Na ƙara wutar oben zuwa 400, na shafa da burushi, minti shida na fito na ƙara, haka har sau uku, a na ƙarshen ban bar gaban oben ba, na durƙusa ina kallo ta gilashi. Tsagogin suka buɗe kamar idon raga, haɗin yana tafasa a cikinsu yana ƙananan kumfa, launin ya tashi daga ruwan zuma ya koma ja mai duhu kamar na dabino. Na soka ma'auni ya nuna 165, na fito da shi na ɗora foyil sama-sama na bar shi minti ashirin kafin in taɓa shi da wuƙa. Kar ki yi gaggawar yankawa, ruwan duk zai tsiyaye a faranti.

Abu ɗaya da na kusa yi Kaka ta hana ni, ɗanyar abarba. A hotuna za ki ga an jera yankan abarba a jikin naman, toh ta gwangwani ce, ɗanyar tana da wani sinadari da ke narkar da tsoka, idan ta daɗe a kai saman naman zai yi laɓo-laɓo. Ni ban saka ko wacce ba, tsamiyar ta wadatar.

Mu goma sha huɗu ne a gidan da yara. Maza suna falo suna kallon ƙwallon Amurka, don ƙungiyar Lions ta Detroit kullum tana wasa ranar, al'adar da ta faro tun 1934, rabinsu ba su san dokar wasan ba amma ihu ake. Na yi dafa-duka da soyayyen dankali da haɗin kabeji, sai naman a tsakiya. Da na fara yankawa aka ga cikinsa ruwan hoda, sai wani dattijo da muke girmamawa, mutumin Maraɗi ne ya zo wajen ɗansa, ya janye hannunsa a hankali ya ce "'yata, wannan naman me ne ne?" Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Na je kicin na ɗauko ledar naman mai rubutun nan da na ajiye da gangan saboda irin haka, ɗansa ya karanta masa, na kuma yi masa bayani cewa launin daga gishirin da ake jiƙa shi ne, akwai wani sinadari naitirait a ciki da ke riƙe jan nama ko an dafa shi, ba ɗanye bane kuma ba wancan bane. Ya yi bismilla ya ɗauki ƙaramin yanka, ya tauna a hankali, sai ya ce "ƙamshin banda ne da shi," ya miƙo faranti. Shawarata ki ajiye ledar nan kar ki jefar, haƙƙin baƙonki ne ya san abin da yake ci kuma hankalin kowa zai kwanta.

Ɗanɗanonsa kuwa, naman yana da laushi amma ba irin na tsiran inji da ke kamar roba ba, kina ganin zaren tsoka, hayaƙin ya shiga har ciki ba a baya kawai ya tsaya ba, wanda ke nuna da gaske kyafa shi aka yi. Ɓawon bayan shi ne abin faɗa a tsakanin yara, zaƙi ya fara zuwa sai tsami sai yaji ya biyo baya a maƙogwaro. Ƙaramar tawa ta ɗauki yanka biyu a faranti ta ce za ta kai wa Kaka, ta dawo tana tsalle wai Kaka ta ce a rubuta mata yadda ake haɗin tsamiyar.

Sai dai ko bayan jiƙawar gishirin yana nan, ba irin naman da za ki ci ki ƙoshi da shi kamar balangu bane, yanka biyu uku ya isa, kuma mai hawan jini ya yi hankali sosai, ni ma ban saka dunƙule ko ɗaya a kabejin ba saboda haka, dafa-dukan ma na rage masa gishiri. Laba shida ta ishe mu har ta yi saura. Kuɗinsa ba arha, laba ɗaya ta fi ta ɗanyen talotalo tsada nesa ba kusa ba, amma ba ƙashi ba fata ba abin zubarwa, kuma bai cinye min yini guda a kicin ba kamar gasa talotalo sukutum. Su kuma ba sa kai wa gida, sai kin je da kanki, kuma a satin biki sai kin yi oda tun da wuri, samun wajen ajiye mota a titin nan ma wani aiki ne.

Ragowar ban bari ta wuce awa biyu a tebur ba na kwashe na sa a firij, kwana uku zuwa huɗu ake so a cinye, abin da ya wuce haka sai firiza. Washegari na yanka ƙanana na soya da ƙwai da albasa da attaruhu, jibi kuma na watsa a taliya, ruwan da ya taru a ƙasan tire ma ban zubar ba, na tace na zuba a wake.

Idan maki zan bayar, naman da tsaftar shagon da mutuncin mahaucin tara cikin goma, ledar haɗin biyar don zaƙi ne kawai ba abin da ke taka masa birki, takardar umarni kuwa ki ɓalle ta tun a mota. Zan sake saya. Na ma tambaye shi ko zai iya yi min irin wannan jiƙon da kyafin da cinyar rago mai ƙashi da kitsenta idan babbar sallah ta zo, yace in kawo masa ita da wuri don jiƙon kaɗai yana cin kwanaki, mun yi da shi zan kira shi idan watan ya kama.